Tambaya da Amsa: Sau Biyu Ya Faɗi Zaɓen Fidda Gwani, To Me Bernie Sanders Ya Ci a Jam'iyyar Dimokurat?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan abu ɗaya suke: yadda Sanata Bernie Sanders na jihar Vermont ya ja jam'iyyar Dimokurat ta Amurka zuwa ɓangaren masu ra'ayin kawo sauyi a 2016 da 2020, da kuma iyakar inda jan ya tsaya.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Zariya: Assalamu alaikum. Hillary Clinton ta kayar da Sanders a 2016, Joe Biden ya kayar da shi a 2020. Amma kullum ina jin ana cewa ya sauya jam'iyyar. Da wane ƙarfi wanda ya faɗi zai sa wanda ya ci ya saurare shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarfin yana cikin yadda jam'iyyar ke raba wakilanta. A zaɓen fidda gwani na Dimokurat, wanda ya zo na ɗaya a jiha ba ya kwashe wakilanta duka. Duk ɗan takarar da ya kai kashi 15 cikin ɗari na ƙuri'u a jiha ko a mazaɓa yana samun wakilai daidai gwargwadon ƙuri'unsa. Da wannan tsarin Sanders ya tara ƙuri'a sama da miliyan 13 a 2016, kimanin kashi 43 cikin ɗari, ya isa babban taron jam'iyya a Filadelfiya da wakilai sama da 1,800. Ba su isa su ba shi tikiti ba, amma sun isa su hana taron tafiya lami lafiya idan aka ɓata musu rai.

Wakilan nan suna da amfani tun kafin ranar taro. Kujerun manyan kwamitoci uku, wato na kundin manufofi, na ƙa'idoji da na tantance wakilai, ana raba mafi yawansu ne bisa sakamakon zaɓen fidda gwani. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce idan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan kwamiti suka sa hannu, za su iya ɗaukar batun da aka kayar da su a kai su kawo shi zauren taro a sake kaɗa ƙuri'a, ana kallo kai tsaye a talabijin. Babu ɗan takarar shugaban ƙasa da ke son a ga 'yan jam'iyyarsa suna cacar baki a daren da ya ware don nuna haɗin kai, saboda haka ya fi masa sauƙi ya yi rangwame a ɗakin kwamiti.

Sai abu na biyu, wanda mu a ganinmu ya fi na farko nauyi: goyon bayan da bai furta ba tukuna. An kammala zaɓen fidda gwani ranar 14 ga Yuni 2016, amma Sanders bai mara wa Clinton baya ba sai ranar 12 ga Yuli a garin Portsmouth na jihar New Hampshire. Ka duba abin da ya faru cikin makonni huɗun nan. Ranar 6 ga Yuli Clinton ta fitar da sabon shiri na karatu ba kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati ga iyalan da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 125,000 ba. Ranar 9 ga Yuli ta yi alƙawarin ƙara dala biliyan 40 cikin shekara 10 ga cibiyoyin lafiya na unguwanni, da bai wa 'yan shekara 55 damar shiga inshorar Medicare ta gwamnati, wadda ake shiga a shekara 65. Kwana uku bayan haka ya hau dandamali tare da ita. Ciniki ne aka yi a fili, kuma kowa ya san farashin.

Abin da ya ba shi ƙarfin halin jan lokaci shi ne kuɗin kamfen ɗinsa ba na attajiran jam'iyya ba ne. Ya tara sama da dala miliyan 200, galibi daga ƙananan gudummawa ta intanet, har dala 27 ta zama taken da magoya bayansa ke amsawa a wurin gangami. Babu wani mai kuɗi guda da zai ɗaga waya ya ce masa ya janye.

Tambaya, daga wata ɗaliba mai karatun kimiyyar siyasa a Sakkwato: Me ya shiga kundin manufofin jam'iyya saboda shi, me kuma aka ƙi?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da lissafin kujeru, domin shi ne zai nuna miki sakamakon tun kafin a zauna. Ƙaramin kwamitin da ya rubuta daftarin 2016 mutum 15 ne: Clinton ta zaɓi 6, Sanders 5, shugabar jam'iyya Debbie Wasserman Schultz 4. Biyar ɗin Sanders su ne Keith Ellison, Cornel West, Bill McKibben, James Zogby da Deborah Parker. Tunda mutanen shugabar jam'iyya sun fi karkata ga Clinton, duk batun da aka ja daga a kai ɓangaren Sanders ne ke shan kaye. Inda suka yi nasara shi ne inda ɓangaren Clinton ya ga yarda ta fi ƙi arha.

Sun samu mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa, wanda zai riƙa tashi tare da tsadar rayuwa, alhali Clinton dala 12 ta fara ambata a matakin tarayya. Sun samu kiran a soke hukuncin kisa, da faɗaɗa fanshon gwamnati na tsofaffi, da sabuwar dokar da za ta raba bankunan ajiya da bankunan cacar hannun jari. Sun rasa inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa da kowa, wadda ita ce zuciyar kamfen ɗinsa. Sun rasa haramta haƙar mai da gas ta hanyar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Zogby da West sun matsa a rubuta kalmar mamaya game da yankunan Falasɗinawa, aka ƙi. A taron babban kwamiti a Orlando, 8 da 9 ga Yuli, sun kuma kasa sa a rubuta ƙin amincewa da TPP, yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da wasu ƙasashen yankin tekun Pasifik, ƙarara. Wannan na ƙarshe yana da ban takaici, domin Clinton da Sanders duka sun ce ba sa son yarjejeniyar. Abin da ya hana shi ne Shugaba Obama yana son ta, kuma jam'iyya ba ta so ta kunyata shugabanta mai ci.

A 2020 salon ya canza. Sanders ya dakatar da takara ranar 8 ga Afrilu, ya goyi bayan Biden ranar 13 ga wata, kwana biyar kacal. A madadin jan lokaci, sai suka kafa kwamitocin haɗin gwiwa shida a watan Mayu: sauyin yanayi, shari'a da 'yan sanda, tattalin arziki, ilimi, lafiya, da shige da fice. Mafi yawansu mutum 8 ne, Biden 5, Sanders 3. John Kerry daga ɓangaren Biden da Alexandria Ocasio-Cortez daga ɓangaren Sanders suka jagoranci na sauyin yanayi. Ranar 8 ga Yuli suka fitar da shawarwari masu shafi 110. A nan ne aka ga motsi mafi girma: Biden, wanda da farko ya ce dala tiriliyan 1.7 cikin shekara 10 don yanayi, ya koma tiriliyan 2 cikin shekara 4, ya kuma karɓi 2035 a matsayin shekarar da lantarkin ƙasar zai rabu da hayaƙin kwal da gas. A fannin lafiya kuwa bai gusa sosai ba. Ya yarda a rage shekarun shiga Medicare zuwa 60, ya tsaya a nan. Da aka kawo gyaran inshorar kowa da kowa gaban kwamitin manufofi, ƙuri'a 36 ya samu, 125 suka ƙi.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Mu nan mun saba da alƙawarin 'yan siyasa. Shin wannan kundin doka ne? Akwai abin da ya fito daga takarda ya shiga aljihun talaka?

Amsa: Alhaji, ba doka ba ne, kuma babu kotun da za ta tilasta wa shugaba ko ɗan majalisa bin sa. Kundin 2016 ma ko gwada shi ba a yi ba tunda Clinton ta faɗi. Na 2020 shi aka gwada, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki, don a nan ne ake gane bambancin cin muhawara da cin doka.

Biden ya hau mulki Majalisar Dattawa tana rabe 50 da 50, mataimakiyarsa Kamala Harris ce mai raba gardama. A wannan majalisa yawancin dokoki sai da ƙuri'a 60 ake iya rufe muhawara a kansu. Ƙofa ɗaya ce ke buɗewa da ƙuri'a 51, ita ce hanya ta musamman ta dokokin kasafi, kuma sharaɗinta shi ne abin da za a saka ya shafi kuɗin shiga ko kashewar gwamnati kai tsaye. Sanders ya zama shugaban kwamitin kasafi a 2021, wato shi ke riƙe da makullin wannan ƙofa. Wannan kujera ta fi duk shafukan kundin manufofi amfani a gare shi. Biden da bakinsa ya ce ya yi tunanin ba shi ministan ƙwadago, amma suka ga fitar da shi daga majalisa zai jefa rinjayensu cikin haɗari.

Ɗauki dala 15. An saka ta cikin shirin agajin korona na dala tiriliyan 1.9. A watan Fabrairu 2021 jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisa, Elizabeth MacDonough, ta ce ƙarin albashi bai cika sharaɗin hanyar kasafi ba. Sanders ya sake kawo shi a matsayin gyara ranar 5 ga Maris, ya samu ƙuri'a 42, 58 suka ƙi, kuma 8 daga cikin waɗanda suka ƙi daga ɓangarensa suke. Abu ne da ke rubuce a kundin jam'iyya tun 2016, amma 'yan jam'iyyar suka taimaka aka kayar da shi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya ya ci gaba da zama dala 7.25, inda yake tun 2009. Abin da Biden ya iya yi da alƙalaminsa shi ne umarnin Afrilu 2021 na biyan dala 15 ga ma'aikatan 'yan kwangilar gwamnatin tarayya.

Babban shirin walwalar jama'a ma haka ya riƙa zagwanyewa. Sanders ya fara da tiriliyan 6, aka daidaita a kan 3.5 a watan Yuli 2021, Majalisar Wakilai ta zartar da na kusan tiriliyan 2 a Nuwamba, sai Sanata Joe Manchin, ɗan Dimokurat a lokacin, na West Virginia, jihar kwal, ya fito talabijin ranar 19 ga Disamba ya ce ba zai sa ƙuri'arsa ba. Mutum ɗaya ya isa. Abin da ya tsira shi ne dokar da aka sa wa hannu ranar 16 ga Agusta 2022: kimanin dala biliyan 369 don makamashi da yanayi, ikon gwamnati na yin cinikin farashin wasu magunguna da kamfanoni a karon farko, allurar insulin a kan dala 35 a wata ga masu Medicare, da ƙayyade abin da tsoho zai kashe daga aljihunsa a kan magani zuwa dala 2,000 a shekarar 2025. Waɗannan sun shiga aljihun mutane da gaske. Karatu kyauta, hutun haihuwa da albashi, rage shekarun Medicare, duk sun zube a hanya.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne tallafin yara. Shirin agajin 2021 ya ɗaga shi zuwa dala 3,000 ga kowane yaro, 3,600 ga 'yan ƙasa da shekara 6, ana biyan rabinsa wata-wata. Talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari a 2021. An tsara shi na shekara ɗaya ne da fatan ba wanda zai iya barin ya mutu. Aka bar shi ya mutu, a 2022 adadin ya haura zuwa 12.4. Yafe bashin ɗalibai kuwa, dala 10,000 zuwa 20,000 ga kowane mutum, umarnin shugaba ne ba dokar majalisa ba, Kotun Ƙoli ta rushe shi ranar 30 ga Yuni 2023 da alƙalai 6 a kan 3. Duk abin da aka gina a kan umarnin shugaba ko wa'adin shekara ɗaya bai daɗe ba. Abin da aka rubuta cikin doka ba tare da ranar ƙarewa ba shi ya fi wuyar tumɓukewa.

A ƙara da wannan, don a yi adalci: ba Sanders ya ƙirƙiro kiran dala 15 ba. Ma'aikatan gidajen abinci na New York ne suka fara yajin aiki a kansa a Nuwamba 2012. Shi ya ɗauko shi ya kai shi dandalin takarar shugaban ƙasa, daga nan ya bazu. Amazon ya ɗaga albashinsa zuwa dala 15 a 2018 bayan matsin lambar da Sanders na cikin masu yin ta, kuma a 2020 masu zaɓe a Florida suka amince da dala 15 da sama da kashi 60 cikin ɗari, a ranar da jihar ta zaɓi Trump.

Tambaya, daga wani ma'aikacin gwamnati a Abuja: Na ji an rage wa manyan jam'iyya ƙarfi saboda shi. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Yallaɓai. Tun 1982 jam'iyyar ta ware kujerun wakilci ga gwamnoni, 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, waɗanda ba a ɗaure su da sakamakon jihohinsu ba. A 2016 sun haura 700, kuma ɗaruruwansu sun bayyana goyon bayan Clinton tun kafin a kaɗa ƙuri'ar farko a Iowa. Daga cikin abin da aka sasanta a Filadelfiya akwai kafa kwamitin gyara mai mutum 21. A watan Agusta 2018 a Chicago jam'iyya ta hana waɗannan manya kaɗa ƙuri'ar da za ta yanke hukunci a zagayen farko. Sai an kasa samun mai rinjaye an shiga zagaye na biyu suke shigowa.

Wannan irin riba ita ce mai daɗewa, kuma sau da yawa wani ne ke cin moriyarta. Jesse Jackson ya yi ƙorafi a 1984 har aka sauko da sharaɗin kashi 20 zuwa 15, bayan takararsa ta 1988 kuma ya sa aka wajabta rabon wakilai bisa kaso a ko'ina. Shekara 20 bayan haka, wannan tsarin ne ya taimaki Barack Obama ya riƙe tazarar wakilansa duk da Clinton ta ci manyan jihohi. Sanders bai ci moriyar nasa gyaran ba. A 2020 ya fi kowa ƙuri'a a Iowa, New Hampshire da Nevada, sai Biden ya lashe South Carolina ranar 29 ga Fabrairu bayan goyon bayan Jim Clyburn, ɗan majalisa baƙar fata mai faɗa a ji a jihar, Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka bi shi, ranar 3 ga Maris ya ci jihohi 10 cikin 14. Ba manyan wakilai suka kayar da Sanders ba. Baƙaƙen fata na kudancin Amurka, musamman dattawa, ba su zaɓe shi ba a 2016, ba su zaɓe shi ba a 2020, kuma ba a samun tikitin Dimokurat ba tare da su ba.

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar jinya a Kumasi: Wasu na cewa shi ya jawo wa Clinton faɗuwa a hannun Trump.

Amsa: Malama, masu faɗin haka suna da hujja ɗaya mai nauyi. Tazarar Trump a Michigan, Wisconsin da Pennsylvania a haɗe ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba, kuma wani babban binciken masu zaɓe ya nuna kusan kashi 12 cikin ɗari na waɗanda suka zaɓi Sanders a fidda gwani Trump suka yi wa a babban zaɓe. Sai dai irin wannan ɓallewa ba baƙon abu ba ce, magoya bayan Clinton da dama sun zaɓi John McCain na jam'iyyar Republican a 2008 bayan Obama ya kayar da ita a fidda gwani, kuma da yawa daga cikin waɗancan kashi 12 ba 'yan Dimokurat ba ne tun asali. Idan tazara ta yi ƙanƙanta haka, kowane dalili yana iya zama shi ne dalilin: wasiƙar shugaban FBI James Comey kan binciken saƙonnin imel ɗin Clinton kwana 11 kafin zaɓe, saƙonnin jam'iyya da shafin kwarmata bayanai na WikiLeaks ya fallasa, da rashin zuwan Clinton Wisconsin ko sau ɗaya a kamfen ɗin babban zaɓe. Abin da muke ganin gaskiya ne shi ne zargin an yi maguɗi a fidda gwani ya bar rauni da bai warke ba kafin Nuwamba, kuma saurin sasantawar 2020 darasin wannan ne ɓangarorin biyu suka ɗauka.

Tambaya, daga wani matashi ɗan jam'iyya a Kano: Za a iya yin irin wannan a Najeriya?

Amsa: Ɗan'uwa, da irin tsarin da aka bi a 2022, da wuya, kuma dalilin yana cikin ƙa'ida ne ba cikin halin mutane ba. A 2022 PDP ta fitar da ɗan takara da daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike 237. APC ta yi da uku-uku, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Waɗannan ƙuri'un daliget ne, ba a ɗaure suke da zaɓin da talakawan jam'iyya suka yi tsakanin 'yan takarar ba, kuma da zarar an sanar da sakamako amfaninsu ya ƙare. Wanda ya zo na biyu ba shi da kujerar da ƙa'ida ta ba shi a wurin rubuta manufofi. Shi ya sa cinikin da ke biyo baya na muƙami ne: rikicin Wike da gwamnonin da suka bi shi a kan saukar shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ya ta'allaƙa, ba a kan albashi ko kuɗin makaranta ba.

Ƙofar fita kuma a buɗe take a nan. A Amurka wanda ya fice ya tsaya a ƙaramar jam'iyya ɓangarensa yake cutarwa. Ralph Nader na ƙaramar jam'iyyar Green ya samu ƙuri'a kusan 97,000 a Florida a 2000, inda George Bush na Republican ya kayar da Al Gore na Dimokurat da tazarar 537. Sanders ya san wannan, shi ya sa ya yi takara a cikin Dimokurat duk da shi ɗan indifenda ne. A Najeriya Malam Aminu Kano ya kafa PRP a 1978 har ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, Peter Obi da Rabi'u Kwankwaso kuma suka bar PDP a 2022 suka samu ƙuri'a kimanin miliyan 6.1 da miliyan 1.5 a zaɓen shugaban ƙasa na 2023.

Idan kai da abokanka kuna son a matsa daga ciki, abin da za ku nema a kundin tsarin jam'iyya a bayyane yake: a yi fidda gwani na 'yar tinƙe da rajistar mambobi da kowa zai iya dubawa, a bai wa duk ɗan takarar da ya kai wani kaso na ƙuri'u kujeru a kwamitin rubuta manufofi daidai da kasonsa, a kuma wajabta karanta manufofin a gaban babban taro a kaɗa ƙuri'a a kansu kafin a miƙa wa ɗan takara tuta.